Gyaɗa Bakwai a Ɗakin Laka

A shekarar da hatsi ya yi wuya, ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu kusa da Makoɗa, Malam Sale ya koya mana girgizar ƙasa, abin da ko kakanninmu ba su taɓa gani ba. Ya gina 'yan ɗakuna biyu a kan faifai, ɗaya na laka, ɗaya na kara, ya zuba ƙwayar gyaɗa bakwai-bakwai a ciki, ya ce su ne mutanen gida.

Da hedimasta ya kira shi, ni ya bar wa gadin faifan. Rabona da abinci tun kunun jiya. Na zura yatsa ta ƙofar ɗakin laka, wai ɗaya kawai zan ci. Kafin ya dawo na cinye bakwai ɗin.

Ya kama faifan ya girgiza. Ɗakin kara ya yi ta rawa bai faɗi ba, na laka kuwa ya rufta. Ya ce mu matso mu ga halin da mutanen ciki suke. Ya tona ƙasar da yatsa, babu ko ɗaya. Sai ya dubi jan ɓawon da ya manne mini a leɓe.

"Alhamdu lillahi," ya ce wa 'yan aji. "Mutanen wannan gida sun tafi cin rani."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Da aka tashi na gan shi yana ƙulle sauran bakwai ɗin a ƙyalle, ashe daga irin shukarsa ya ɗebo. Yau buhunan gyaɗa ne jibge a ɗakina, amma har Malam ya rasu ban iya kai masa ko tiya ɗaya ba.