Gidan da Kwamfuta Ta Zaɓa

"Duk gidan da kwamfuta ta zaɓa, magana ta ƙare," in ji Dakta, malamin lissafi, yana gyara zama a falo. "Kowa ya yi alkawari."

Matarsa da 'yarsu suka yi. An daɗe ana ja-in-ja kan gidan da za su koma. Matar tana son kusa da asibitin da take aiki, 'yar tana son kusa da makaranta, shi kuma jami'a.

"Ba gidan da zai gamsar da kowa," ya ce. "In an matso wa wannan, an nisanta wancan. Shi ya sa na ba kowace buƙata nauyinta, kwamfuta ta rage mana nisan gaba ɗaya."

Abin da bai faɗa ba, ya cusa buƙata ta huɗu a ɓoye, ya jibga mata nauyi mafi girma: nisa daga gidan surukarsa, mai yi musu dirar mikiya.

Ya danna maɓallin kwamfutar. Gidan da ya fito katanga ɗaya ce tsakaninsa da na surukar.

Dakta ya sake duba lissafinsa. Kwamfuta rage nisa aka sa ta, shi kuwa ya manta bai juya alamar buƙatar surukar ba, don a ƙara nisan maimakon a rage shi.

"Tun jiya na ga ka manta alamar ɗebewa," in ji matar, tana murmushi. "To wace ni da zan gyara wa malamin lissafi aikinsa?"

Ta ɗauki waya. "Mama, albishirinki."