Abin Da Ya Nauyaya Kwamfutar Mai Hoto

Ɗan zoben nan na fuskar kwamfuta mai nuna a jira sai juyawa yake, Mai Hoto kuwa ya zuba masa ido, gumi na gangarowa ta bayan kunnensa.

Tun da safe Inna ta fice daga gida, ba wanda ya ga fitarta. Mahaifiyarsa ce. Tsufa ya taɓa mata tunani, wani lokaci sai ta dube shi ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. An kira wayar da ke rataye a wuyanta har an gaji. Tana shiga, ba a ɗauka, don Inna ba ta taɓa iya amsa kira ba. Matarsa da yayarsa sun bi layi-layi. A ofishin 'yan sanda an ce a kawo hoto. A asibiti ma hoto. Duk wanda aka tare a hanya, tambayarsa ɗaya ce: yaya kamanninta?

Abin kunya, mutumin da ya ɗauki fuskar kowa a unguwa ba shi da hoton uwarsa na kirki. Inna ba ta yarda a saita ta. Da ta ga kyamara sai ta ja mayafi. Guda ɗaya ya samu, na taron dangi, tana can gefe, inuwar rumfa ta cinye rabin fuskarta. Sai an yanko ta, an haska, an ƙara girma, sannan baƙo zai iya gane ta.

Aikin da ya saba gamawa kafin shayinsa ya huce. Yau kwamfutar ta ƙi. Ya ja hoton, ta tsaya. Ya ƙara haske, zoben ya dawo. Jiya lafiya lau take. Ya kashe ya kunna, ya dake ta a gefe, ya roƙe ta kamar mai ji. Rana kuma ta fara karkata, ga hadari yana haɗuwa.

Mai gyaran waya na shagon kusa ya leƙo, ya ga halin da ake ciki, ya ja kujera ba a ce masa zauna ba. Ya buɗe wani gefe da Mai Hoto bai taɓa shiga ba.

"Ba manhajar gyaran hoton ce ke da laifi ba," ya ce. "Ka ga waɗannan? Su ne ke aiki a bayan fage. Suna haɗa ka da ma'ajiyar intanet, suna ta kai da kawo. Sun shanye mata ƙarfi. Kai ma da an ɗora maka kaya haka, da ka durƙusa."

"Kashe su."

Ya kashe ɗaya, ya kashe na biyu. Na ukun da an kashe sai ya sake tashi. Shi ne mafi ci, wani abu yake ta jawowa ba tsayawa. Mai gyara ya buɗe ya gani. Tarkacen hotuna ne ƙanana, duk a karkace: ƙasa, gindin bango, rabin ƙofa, sama fara fat, ƙasa kuma.

"Wannan shirmen fa? Na wani mai kawo aiki ne?"

Mai Hoto bai ko sunkuya ba. Mutane sun saba turo masa shara su ce a mayar musu da ita zinariya. Wayarsa na ruri a aljihu, yayarsa ce, ya san kuka za ta yi masa.

"Muddin na'urar da ke turowa tana haɗe, zai dawo," in ji mai gyara. "Sai dai a cire ta gaba ɗaya, a goge abin da ta turo. Amma in an goge, an goge ko'ina. Ka duba tukuna."

"Uwata ta ɓata kana ce mini in duba shara? Goge."

Kwamfuta ta tambaya ko an tabbata a goge, ta sake tambaya. Mai Hoto ya fizge linzamin kwamfutar da hannunsa ya danna. Mutum in yana sauri, ko da manyan baƙaƙe aka rubuta masa gargaɗi ba ya karantawa.

Nan take kwamfutar ta sake kamar an sauke mata dutse. Ya yanko Inna, ya janye inuwar, ya fito da tabon da ke gefen girarta. Injin bugawa ya shiga fitar da fuskarta, takarda bayan takarda. Har Mai Hoto ya rungume mai gyara.

Ya iske matarsa a bakin babban titi, ƙafafunta duk ƙura, muryarta ta dushe. Ya miƙa mata rabin takardun. Ya sake gwada lambar Inna. Wannan karon ba ta shiga ba. Caji ya ƙare.

Suka fara mannawa a jikin turakun lantarki. Ɗigon ruwa ya fara sauka. Matar ta dafe takarda da tafin hannu kada iska ta ɗauke, ta tsaya tana kallon fuskar surukarta.

"Allah sarki Inna," ta ce. "Da ma amsa kira na koya mata. Ɗaukar hoto kawai ta iya, in ta rikice shi take ta dannawa." Sai ta juyo da sauri, idonta ya yi haske. "Baban yara, tsohuwar wayarka ce fa a wuyanta. Ba ita ce duk abin da aka ɗauka da ita yake sauka a kwamfutarka ba?"