Mantuwa a Gadon Ƙarshe

Kai da kake cewa abin hannunka bai taka kara ya karya ba balle ka taimaki wani da shi, gyara zama ka ji.

An yi wata yarinya 'yar ƙauye da aka ɗauka a makarantar kwana ta 'yan mata. Ranar tafiya aka ɗaure akwatinta a saman mota da wata igiya da ta girmi direban. Kafin a kai gari igiya ta gaji da duniya, akwati ya sauka inda ya ga dama, ko sallama bai yi ba. Yarinya ta shiga makaranta daga ita sai kayan jikinta, aka ba ta gadon ƙarshe, can jikin bango. Uwar ɗakin kuwa wata dattijuwa ce da ko ƙuda ya sauka a zanin gado sai ta tambaye shi wa ya ba shi izini. Ta shelanta cewa ranar Asabar da hantsi za ta duba kaya, duk wadda nata bai cika ba ta koma gida sai ta cika. Yarinyar nan ta san akuyar uwarta ce ta koma wancan akwati, ta kuma san babu akuya ta biyu. In ta tafi, karatu ya ƙare ke nan. Kunya ta ɗinke mata baki. Amma a ɗakin da in an buɗe gwangwanin madara a wannan kusurwa ake haɗiye miyau a waccan, ina za a ɓoye rashin akwati?

To, ɗakin nan yana da wata al'ada da ba a gaya wa sabon zuwa. Ba sa yi wa wadda ta rasa kyauta, don kyauta tana sa mutum sunkuyar da kai. Mantuwa suke yi. Kowa ta zo wucewa sai ta manta wani abu a gadon mai rashi, ta yi gaba abinta.

Washegari yarinya ta dawo daga aji ta tarar da cokali a kan gadonta. A garinsu, cokalin da ba naka ba in ya kwana a ɗakinka, har jikokinka sai an yi wa gori. Ta ɗauke shi da yatsu biyu kamar kunama, ta bi gado gado.

"Yaya, naki ne?"

"Ni? Kin ga na yi kama da masu cin abinci da cokali?"

Kowa ta rantse ba ta taɓa ganinsa ba. Kafin la'asar sabulu ya zo, kwano ya biyo shi, sai takalmi ƙafa ɗaya. Ɗan'uwansa bai iso ba sai washegari, wai hanya ce ta yi masa nisa. Ta kwashe su ta jera a bakin taga don masu su su gani. Ta je salla ta dawo, ta tarar sun koma gado, har sun haihu. Yarinya ta rame. Wasu ɓacewar kaya ke hana su sukuni, ita zuwansu ne. Da abin ya ishe ta, ta durƙusa gaban shugabar ɗaki, wata doguwa 'yar ajin ƙarshe, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Wallahi Yaya ban ɗauki na kowa ba. Su suke zuwa da kansu."

Doguwar ta danne dariya. "Allah sarki, Sabuwa. Ciwon mantuwa ne ya kama ɗakin nan, likita ma ya sallame mu. Share hawayenki, masu su za su tuna in sun gama makaranta."

Asabar da sassafe aka tura ta shara can gindin darbejiya, nesa da ɗaki. Tana shara tana yi wa makaranta kallon bankwana, don ta san ko an yi mata lamunin komai, farin zanin gado ba ya mantuwa: kowa ɗaya gare ta. Ta dawo ta tsaya a ƙofa, tsintsiya ta sulale daga hannunta. Ga bokiti, ga riga da ɗankwali a ninke, ga kayan da masu ba da labari suka ce sai da ƙafafun gadon suka lotsa cikin siminti. A ƙarƙashinsu kuma ga farin zani shimfiɗe. Ta matsa ta shafa shi, ta ji ɗinki layi layi, wani siriri kamar na tela, wani karkatacce kamar sawun kaza. Sai ta ɗaga kai ta dubi ɗakin tun daga ƙofa har bango. Kowane gado zaninsa ya gaza da faɗin tafin hannu, an ja shi an cusa da ƙyar. 'Yan ɗaki kuwa kowa ta duƙufa kallon rufi kamar yau aka kafa shi.

Uwar ɗaki ta shigo. Ta bi gadajen da ido, ta ga gajerun zannuwa, ta iso gadon ƙarshe ta bi ɗinkin nan da yatsa tun daga sama har ƙasa. Sannan ta ce, "Kaya sun cika," ta juya ta fita da sauri tana gyaran murya. Sai bayan tafiyarta aka ga ta manta mayafinta a kan gadon.

Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, da yayyafi kogi kan cika.