Ki Dawo da Maigidanki

Ƙarnin kifi ne ya riga ta shigowa. Seok-ju yana goge gilashin wata baƙar mota ya ji shi, amma bai ɗago ba.

Ranar ce ƙarshen wata ukun gwajinsa a wannan shagon motoci na birnin Busan a Koriya, ko taya bai sayar ba. Tun da safe Manaja Pyo ya ce masa, "Yau in ba ciniki, ka ajiye mana katin wuyanka." Dama Pyo ya ɗauke shi ne don Seok-ju ya ce masa shi ɗan gidan likita ne, ya saba da manya.

Matar ta tsaya a bakin ƙofa, da takalmin roba da rigar leda ta masu yankan kifi. A gashinta akwai ɗan farin ƙyallen nan na masu takaba. Sai goge hannu take yi a cinya, kamar tana tsoron ɓata hasken wurin.

Ba wanda ya ba ta kujera. Shayin da aka haɗo kuwa, wani mai kwat aka miƙa wa, mutumin da kullum yake zuwa ɗaukar hoto cikin motoci ya tafi.

"Goggo, kasuwa tana can gaba," in ji Pyo. Ma'aikata suka kwashe da dariya. "Seok-ju, ga kwastoma daidai kai."

Ta nufo shi a hankali.

"Samari, ka ci abinci kuwa?"

"Me ake so?"

"Wacce ce ta ƙi sayuwa? Ita nake so."

Ta warware wata leda, ta fito da littafin banki da hatiminta na katako na sa hannu, ta miƙo da hannu biyu. Yatsun duk gishiri ya tsattsage su.

Seok-ju ya dubi takardar ciniki: suna, lambar waya, adireshi. In ta cike ta, asirinsa ya tonu. Ya ji idon Pyo a ƙeyarsa. Sai ya tuna abin da aka koya musu, wai mace ita kaɗai ba ta yanke ciniki. Ya ɗan rusuna, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Goggo, mota ba kifi ba ce. Ki je ki dawo da maigidanki."

Ta daɗe tana kallonsa.  Ta nannaɗe ledarta, ta rusuna masa fiye da yadda ya rusuna mata, ta fita.

Ƙarfe shida Pyo ya dafa kafaɗarsa. "Ka iya sallama, yaro, sayarwa ce ba ka iya ba. Kawo katin."

Ya bayar. Bas uku na unguwarsu suka wuce yana tsaye, ya kasa shiga. Maigidan da ya ce ta dawo da shi, sati bakwai ke nan da Seok-ju ya fara zuba masa ƙasa a kabari, kamar yadda ɗan fari yake yi, don mahaifinsa ne.