Malamin Turanci da Mai Ginin Tukwane

Malama Asabe, zauna 'yata, ki bar ɓata rai don ɗalibanki sun faɗi jarrabawar gwaji. Bari in ba ki misali.

An yi wani malami da aka tura wata makarantar ƙauye ya koyar da Turanci. Kullum sai ya cika allo da kalmomi da ma'anarsu, ya rubuta sunayen adon harshe ya ce a haddace. Yaran suna ƙaunarsa, suka haddace tsaf. Amma da zarar an ajiye musu waƙar Turanci an ce su nuna inda marubucin ya yi kamantawa ko mutuntarwa, sai su zuba wa takarda ido. Ga babbar jarrabawa ta matso. Har ya fara tunanin neman canjin wurin aiki.

Wata ranar Asabar yana zaune da takardun ɗalibansa a zauren gidan da ya sauka, tsohuwar da ke gidan, mai ginin tukwane, tana ta fama da wata randa da bakinta ya ƙi tsayawa. Sai ya ji ta ce, “Yumɓun nan yau fushi yake da ni, sai na lallashe shi.” Malam ya ɗago kai ya ce, “Iya, kin san abin da kika faɗa ɗin nan yana da suna a Turanci?” Ta ce, “To, ka gai da mai sunan. Mu dai haka muka taso muna magana.”

Ran Litinin bai taɓa alli ba. Ya ce kowa ya kawo maganar da ya ji a gidansu. Wannan ta ce kakarta kan ce cikin ƙanenta kamar rumbu. Wancan ya ce uwarsa kan ce ta kira shi sau dubu. Aji ya kaure da dariya, shi kuwa yana bin kowace magana yana raɗa mata sunanta na Turanci. Daga ranar, baƙuwar kalma ma sai ya nemo mata 'yar'uwa a gona ko a madafa kafin ya rubuta ta. Da ya sake raba musu waƙar nan, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, “Malam, ai nan ma iska aka ce tana kuka, irin maganar kakata ce!” Shekarar nan kaɗan ne suka faɗi.

Don haka gobe ki fara tambayarsu abin da suka zo da shi daga gida. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.