Waya Mai Zazzaɓin Safe

Jafaru bai ko ɓare ledar fuskar wayar ba ya ɗora bidiyonsa na farko. Sabuwar fitowa ce, mai ido uku a baya, kuma duk Zandam, kai har cikin Gwaram, babu wanda ya riga shi riƙe irinta. Safiyanu ne ya ware masa ita, amininsa tun suna kiwon awaki, wanda yanzu yake da shagon waya a Birnin Kudu.

Shi Jafaru dama Allah ya yi shi da son a sani. Samarin yankin ba sa sayen waya sai sun ji abin da ya ce a shafinsa, shi kuwa bakinsa ba ya gajiya. Ya nuna ta a majalisa, ya nuna ta a teburin mai shayi, da shanu suna da shafi da su ma sun gani. Da ya kai wa mahaifiyarsa Dada, juya ta kawai ta yi a hannu, ta ce Allah ya raba ta da bakin mutane.

A ɗakin Dada ake caji, don a kan rufinta aka kafa sola. Kullum da sassafe sai ya jona wayar a can ya wuce garke, in ya gama da shanu ya dawo ya ɗauka.

Bidiyo na biyu yabo ne zalla. Hoto tas, murya garau, batir kamar ba ya ƙarewa.

"Ga wani abu da ban lura da shi ba ranar farko," in ji shi, yana kai ta hanci. "Har ƙamshi kamfanin ya sa mata. Taku wayar tana ƙamshi?"

Ba a jima ba ta fara zazzaɓi. Duk safiya in ya cire ta daga caji sai ya ji ta zau, kamar ƙwan da aka tsamo daga tukunya. Da rana kuwa lafiyarta ƙalau. Sai hoto ya fara dishi-dishi, kowa ya fito kamar an shafa masa man shanu. Sai lasifika ta dishe, mai kira ya koma mai mura. Daga ƙarshe batir ya kumbura har ya ɗaga murfin baya.

Jafaru ya hau babur sai Birnin Kudu. Safiyanu ya juya wayar, ya leƙa ramin caji da ya yi baƙi, ya ce cikin duk waɗanda suka saya babu wanda ya dawo da kuka. Amma abota ta fi waya. Ya ɗauko wata a kwalinta ya miƙa masa.

Ta biyun ma sawun 'yar'uwarta ta bi. Ƙamshi, zazzaɓin safe, dishi-dishi, mura.

Nan fa masu sharhi suka samu abin yi. Wani ya ce jabu ake ba shi. Wani ya ce ai haka masu shago suke, ta kirki a ba ɗan birni, ɗan ƙauye a haɗa shi da ragowa. Maganar ta soki Jafaru. Lalacewar wayar ba ta yi masa ciwo kamar a ce Safiyanu, wanda suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya, shi ne ya mai da shi bagidaje ba.

Sai ya sanar cewa ranar Juma'a bayan an sauko, kai tsaye, zai tona asirin mai sayar da jabu, da sunansa da na shagonsa. Kowa ya san abin da hakan yake nufi. Mai shagon da Jafaru ya kira macuci a gaban samari, sai dai ya ja ƙofa ya koma gona.

Labari ya kai wa Safiyanu. Bai yi faɗa ba. Ranar Juma'a sai ga shi a Zandam da waya ta uku a kwali, ko hatiminta ba a taɓa ba. Da yake ɗan gida ne, ya yi sallama ya shige tsakar gida, ya tarar Jafaru ya riga ya jingina wayarsa mai murar a jikin turmi, rabin Gwaram na kallo a shafinsa.

"Buɗe wannan a gabansu," in ji Safiyanu. "In ka samu aibi, ka faɗi sunana."

Jafaru ya yanke hatimi. Ya taɓa ta, sanyi ƙalau. Ya ɗauki hoto, tas. Sannan ya kai ta hanci, fuskarsa ta washe irin ta wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu.

"Jama'a, kun gani? Wannan ko ƙamshin ba ta da shi. Jabun jabu ke nan."

Ya gyara murya zai ambaci sunan shago, sai labulen ɗakin Dada ya motsa. Muryar Safiyanu ta ji, ta fito su gaisa, riƙe da ɗan kaskonta yana hayaƙin habbatussauda. Ta tambaye shi mutanen gida, ta sa masa albarka, sai idonta ya faɗa kan sabon kwalin.

"Wata kuma, Jafaru? Ka riƙa tausaya min mana," ta ce, tana miƙo hannu a gaban rabin Gwaram. "Kawo ta tun garwashin bai mutu ba. Da irin nunawar da kake yi, ba don ina turara su a kan kaskon nan kullum da safe ba, ai da tuni bakin mutane ya lalata maka su."