Wiwin Gidan Dagaci

Ganyen ya sake yin rawaya. Lamduan ta tsuguna gaban tukwanen ta shafa ganye ɗaya, ya biyo hannunta laƙwas kamar tsumma. Hantsi bai gama dubawa ba, amma baƙar robar tukwanen har ta fara ƙona yatsa.

"Ƙara musu ruwa," in ji mahaifinta Kamsing daga kan gadon gorar da yake kwance a inuwa. "Ƙara mana. Ai kifi kike kiwo, ba shuka ba."

Ta ci gaba da duba ganyen. Tun da ta ajiye aikin masaƙa a Bankok ta dawo jinyarsa, ba ta ji kalma mai daɗi daga bakinsa ba. Ciwo ya cinye masa ƙashi, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa. Likita ce ta ce shayin wiwi zai iya buɗe masa ciki, ga shi doka ta sauya, kowa na shuka 'yan tsiraru a gidansa. Ranar da ta shigo da irin, tsohon ya tofar da yawu ya ce ciyawar 'yan iska ba za ta tsira a gidansa ba.

Duk ƙauyen an san dalili. Lokacin yana dagaci, sojoji suka gano wata gonar wiwi a dajin bakin kogin Mekong, mai kyan da fatake ke tsallako ruwa dominta. Kamsing da kansa ya riƙo hannun ɗansa Tawin ya miƙa wa hukuma a kan shi ne mai gonar. Manya suka zo daga birni suka rataya masa lambar yabo. Tawin ya shiga gidan yari da ƙuruciyarsa, ya fito da furfura, bai kuma sake taka gidan uban ba.

Lamduan ba ta taɓa noma ba. Abin da ta gani a waya take bi, su kuma masu bayanin a ƙasar sanyi suke. Ta zuba taki, bakin ganye ya ƙone. Ta rage, tsiron ya tsaya cak.

Wata rana ta dawo daga kasuwa ta tarar an ja tukwanen an watsar a gindin mangwaro, kowacce an huda gindinta da ƙarfen sandar tsohon, ruwa na tsiyaya.

"Sun tare mini hanya," ya ce, yana haki, bai ko kalle ta ba.

Ta haɗiye fushinta ta bar su a nan, don ba ta da ƙarfin wani rikicin. Allah ya taimake ta ba su mutu ba, har suka yi sabon toho. Ɗaya ma ta zarce saura tsawo, ta fara fitar da 'yan ƙwallaye kamar duwatsun wuya. Ita ce abin alfaharinta. Ita kuwa ta tarar wata safiya an tumɓuke an cusa a murhu.

"Baba! Wadda ta fi kyau ka zaɓa?"

"Ba ki san kyau ba. Ba ki san komai ba, sai taurin kai."

"Ka kashe rayuwar ɗanka, yanzu kuma maganinka kake kashewa. Don wa nake wannan wahalar?"

Ya wurgo mata kofin ruwa, ya wuce ta gefen kunnenta. Daga ranar suka daina magana. Takan ajiye masa kwandon shinkafa mai danƙo da gasasshen kifi, ta dawo ta ɗauke yadda ta ajiye. Kullum ƙara ƙanƙancewa yake a kan gadon.

Sai damina ta kankama. Iska ta yi nauyi, wanki ba ya bushewa. Kawunan shukar da suka fara kauri suna ƙamshi suka soma yin farar fumfuna daga ciki. Lamduan ta ga wahalar watanni na shirin ruɓewa a idonta, ta ga tsohon ba zai kai wata shukar ba. Ta hau babur ta nufi garejin yayanta a cikin gari.

"Yaya, kai ne gwani. Zo ka duba mini."

Tawin ya ci gaba da goge hannu da tsumma. "Ba na shiga gidan nan."

"Ba dominsa ba. Domina. Ni kaɗai kuka bar wa shi."

Ya ajiye tsumman ya rufe garejin.

Da suka shigo, Kamsing ya juya fuska ya kalli bango. Babu wanda ya gaida wani. Tawin ya tsaya gaban tukwanen, hannuwa cikin aljihu, kamar mai jiran mota.

"To? In yanke su duka ne, ko in jira?"

Tawin ya ci gaba da kallon tukwanen.

"Yaya, magana nake."

Ya nuna wani reshe da haɓa. "Wannan ɗin ne ake sha, ko ganyen?"

Ranta ya ɓaci. "Wasa ka zo yi mini? A kaina kuma za ka rama?"

"Cire masu ruɓar, sakarai!" Muryar ta fito daga kan gado, da ƙarfin da ta manta yana da shi. "Ki rarraba tukwanen iska ta ratsa, ki kai su ƙarƙashin rumfa kafin hadarin can ya sauko! Da ban tumɓuke namijin nan mai ƙwallaye ba, da iri kawai za ki girba!"

Sai tsohon ya sake juya fuska bango, kamar wanda ya ciji harshensa.

Tawin ya yi 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta, ya juya ya nufi ƙofa.

"Yi abin da ya ce, Lamduan. Ni ko barkono ban taɓa shukawa ba. Ɗaurin kawai na yi, gonar tasa ce."